Talakan Ingila tsakanin gandu da coci, da yadda annobar 1348 ta kwance masa mari

A shekarar 1331, a garin St Albans da ke kimanin mil 20 arewa da Landan, shugaban gidan 'yan zuhudu na garin, Richard na Wallingford, ya yi galaba kan mutanen gari a wata doguwar jayayya kan dutsen niƙa. Gidan zuhudun shi ne ubangidan ƙasar, kuma ya kafe cewa duk mai hatsi sai ya kai injin niƙan gidan wanda ruwa ke juyawa, a niƙa masa a ɗebi kason ubangida. Mutane kuwa suna da 'yan duwatsun niƙa na hannu a ɗakunansu. Aka tilasta musu miƙa su, shi kuma ya sa aka daɓe wani ɗakin ganawa da baƙi da duwatsun, kowa ya shigo ya taka. Bayan shekara 50, a watan Yunin 1381, mutanen garin suka kutsa cikin gidan suka ɓamɓare daɓen, suka farfasa duwatsun ƙanana, aka bi kowa aka ba shi guntu, kamar yadda ake gutsura burodin albarka a rarraba a coci ranar Lahadi. Wani ɗan zuhudu na gidan, Thomas Walsingham, shi ya rubuta labarin.

Kafin mutum ya gane abin da ya sa jama'a za su riƙe ƙullin dutsen niƙa tsawon shekara 50, kuma su rama ta hanyar da suka koya a coci, sai ya san yadda aka shimfiɗa rayuwar karkara a Ingila ta wancan zamani, inda mafi yawan mutane suke zaune a ƙauye.

Bayan da William na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya ɗauki ƙasar baki ɗaya mallakarsa, ya rarraba wa manyan jarumansa da bishop-bishop da gidajen zuhudu, su ma suka rarraba wa na ƙasa da su. A 1086 ya aika a ƙirga masa komai: gonaki, garmuna, shanu, injinan niƙa, mutane. Kundin da aka tara, wanda ake kira Domesday, yana nan har yau, kuma ya ambaci wurare fiye da 13,000. A cikinsa kusan mutum ɗaya cikin goma bawa ne na sosai, wanda ake saye a sayar. Irin wannan bauta ta dusashe kafin 1200. Abin da ya maye gurbinta shi ne manomin da yake da gona da iyali da dabbobi, amma an ɗaure shi da ƙasar ubangidansa, shi da zuriyarsa. Wajen shekarar 1300 masana na ƙiyasin kusan rabin mutanen karkara suna cikin wannan matsayi.

Wanda ya san gandu da gayauna a gidan Bahaushe ya fahimci rabin tsarin: akwai babbar gonar mai gida da kowa ke yi wa aiki a wasu kwanaki, akwai kuma taka ta kanka da kake nomawa a sauran. Sai dai a Ingila mai gandun ba ubanka ba ne, kuma babu ranar rabon gado. Talaka mai cikakken kaso yana riƙe da kimanin eka 30, wasu rabin haka, da yawa kuma eka biyar ma ba su kai ba, sai sun haɗa da ƙodago. Gonar ba a wuri ɗaya take ba. Ana yanka filayen ƙauye biyu ko uku zuwa dogayen kuyoyi marasa shinge, kowa nasa a warwatse cikin na maƙwabta, kuma kowace shekara ana barin fili ɗaya ya huta dabbobin gari su yi kiwo a kai. Ƙasar tana da nauyi da danƙo, garmar tana bukatar shanu shida zuwa takwas, ga shi ba kowa ke da fiye da biyu ba, don haka dole a haɗa. Ranar huɗa, ranar girbi, ranar sakin dabbobi, duk sai gari ya yarda.

Ladan zama a kan wannan ƙasa shi ne aikin gandu kwana biyu ko uku a mako, da ƙarin kwanaki a lokacin girbi, daidai lokacin da alkamar mutum ta kansa take jiran lauje. Sannan akwai kuɗaɗen da suka fi aikin ciwo, domin su ne shaidar cewa mutum ba ɗa ba ne. Zai aurar da 'yarsa, sai ya biya. Yarinya ta yi ciki ba aure, tara. Yana so ɗansa ya yi karatu ya zama limamin coci, sai da izinin ubangida da kuɗi. Yana so ya zauna a wani gari, akwai kuɗin shekara-shekara da ke nuna har yanzu na wane ne. Ranar da ya mutu, ubangida ya zo ya zaɓi dabba mafi kyau a garke, a wurare da yawa kuma limami ya ɗauki ta biyu. Ka ƙaddara gida mai saniya biyu, matar mamaci tana tsaye ana kora su duka. A ganina babu wani abu a tsarin da ya kai wannan rashin tausayi.

Kotun sarki ba ta sauraron ƙararsa a kan ubangidansa. Shahararriyar yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, wadda ake yawan ambata a matsayin tushen 'yanci, babban alkawarinta na cewa ba za a kama kowa ko a ƙwace dukiyarsa ba sai da shari'a, ga 'yantaccen mutum aka yi shi. Abin da talakan gandu ya samu a ciki shi ne kada a ci shi tarar da za ta raba shi da kayan nomansa.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa talakan nan ba shi da bakin magana. Kowane gandu yana da kotunsa, galibi tana zama duk bayan mako uku, kuma talakawan ne ke zama masu rantsuwa su faɗi mene ne al'adar wurin. Daga cikinsu ake zaɓen sarkin gandu mai lura da aiki da lissafi. Tun daga ƙarni na 13 magatakarda yana rubuta komai da Latin a kan fata a naɗe a ajiye. Waɗannan naɗaɗɗun fatu sun tsira da dubbansu, kuma a cikinsu ne ake ganin mutanen da idon basira: wannan an ci shi tara domin ya yi wa ubangida huɗa ta sakaci, wancan ya makara zuwa girbi, wata ta sayar da giya da ma'aunin da bai cika ba, wani alade ya shiga waken maƙwabci. Al'ada ta ɗaure ubangida kamar yadda ta ɗaure su. An rubuta burodi nawa da cuku nawa da kifi nawa za a ba masu girbi, da ranar da za a ba da giya da ranar da ba a bayarwa. A wasu gandaye, wanda ya yini yana yanka wa ubangida ciyawa yana da damar tafiya gida da iyakar ciyawar da zai iya ɗagawa a kan ƙotar laujensa, in ƙotar ta karye ya yi asara. Abin kamar wasa, amma ubangidan da ya rage burodi ɗaya daga abin da aka saba zai ga gari ya ƙi fita aiki. Rubutun nan kaifi biyu gare shi: shi ke kāre talaka daga ƙari, shi ke kuma tabbatar da cewa kakansa ya biya kuɗin aurar da 'ya, saboda haka shi ma ba ɗa ba ne.

Cikin gida kuwa rayuwa a matse take. Ɗaki ɗaya ko biyu na katako da yaɓe, rufin ciyawa, murhu a tsakiyar ɗaki ba bututun hayaƙi, a wasu yankuna shanu suna kwana a gefe guda na ginin. Abinci burodin sha'ir ko na gauraye, da faten wake da albasa da kabeji da ke kan wuta kullum, da giyar sha'ir mara ƙarfi wadda mata ke dafawa su sayar wa juna. Farin burodin alkama na masu hali ne. Nama sai an yanka alade a watan Nuwamba, a sa gishiri a yi ta lallaɓawa har hunturu ya wuce. Amfanin gona ƙanƙane ne: littattafan lissafin gandayen Bishop na Winchester, da suka fara tun 1208, sun nuna mudu ɗaya na alkama da aka shuka yakan ba da wajen mudu huɗu. A cire iri, a cire ushirar coci, a cire kason mai niƙa, sai a ga dalilin da watan Yuli, gab da girbi, ya zama watan yunwa, a kuma ga dalilin da mace za ta ɓoye dutsen niƙa a ƙarƙashin gado. Rahotannin jami'an binciken mutuwa, waɗanda aka fara naɗawa a 1194, cike suke da jariran da wuta ta cinye a shimfiɗa kusa da murhu iyaye suna gona, da matan da suka zame suka faɗa rijiya ko rafi wajen ɗiban ruwa.

Ubangida na biyu shi ne coci. Ingila tana da majami'un unguwa kusan 9,000, kowane mutum an haife shi cikin ɗaya, a can za a yi masa baftisma, a can za a binne shi. Ushira wajibi ce, kashi ɗaya cikin goma na hatsi da ulu da 'yan raguna da ƙwai har da zuma. Limami yana karanta addu'ar Mas da Latin, bayansa ga jama'a, kuma yawancin masu tsayuwa a baya ba su jin kalma ɗaya. Abin da suke karantawa shi ne bango. A saman ƙofar da ke raba su da wurin limami ana zana Ranar Hisabi: matattu suna fitowa daga kaburbura tsirara, mala'ika Mika'ilu riƙe da ma'auni, a gefe guda kuma jahannama kamar bakin wani ƙaton kifi, shaiɗanu suna tura mutane ciki, har da sarakuna da bishop-bishop da mai sayar da giyar da ke tauye mudu. Talakan da ba zai iya kai ubangidansa ƙara ba yana kallon wannan zane kowace Lahadi.

Taron manyan coci da aka yi a Rum a 1215 ya wajabta wa kowane baligi ya furta zunubansa ga limami aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi jibin Ubangiji, wato burodin tsarki da limami ke bayarwa, a bikin Ista. Taron nan ne ya hana limamai sa hannu a gwajin laifi da ƙarfe mai zafi ko jefa mutum a ruwa, kuma daga 1219 Ingila ta koma ga rantsattsun mutum 12 su yanke hukunci. Kalandar shekara ta coci ce: ba a cin nama ranar Juma'a da kwana 40 kafin Ista, akwai ranakun tsarkaka kusan 40 zuwa 50 da ba a aiki, ana biyan haya ranar 29 ga Satumba, ranar Mika'ilu. Kafin damina ta kankama ana zagaya iyakar gonakin gari da gicciye da ƙararrawa ana roƙon albarka. Ana yayyafa ruwan tsarki a kan saniya mara lafiya, ana kaɗa ƙararrawar coci a kori tsawa, mai naƙuda tana kiran Margaret mai tsarki, mai ciwon haƙori Apollonia. Bayan an kashe Akbishop Thomas Becket a cikin majami'arsa ta Canterbury ranar 29 ga Disamba 1170, kabarinsa ya zama wurin ziyara mafi girma a ƙasar, masu ziyara suna komawa gida da 'yan kwalaben dalma cike da ruwan da aka ce an gauraya da jininsa, su ba marasa lafiya.

Abin da suka fi tsoro shi ne mutuwar fuju'a, mutum ya tafi bai furta zunubi ba. Sun yi imani da wani masauki na azaba tsakanin mutuwa da aljanna inda ake wanke rai, kuma addu'ar masu rai tana rage kwanakin. Attajiri ya bar gona a riƙa biyan limamin da zai yi masa addu'a har abada, talakawa su kafa ƙungiya su riƙa tara kwabo-kwabo domin kyandir da jana'iza. Ungozoma ma an koya mata kalmomin baftisma, don kada jariri ya mutu a hannunta ba a yi masa ba. Wannan imani yana da ɓangarensa mai duhu. Yahudawa, waɗanda aka bar musu ba da bashi da ruwa tun da an haramta wa Kiristoci, sun sha kisa. A York a watan Maris na 1190 kimanin 150 suka hallaka, maharan kuma suka wuce babbar majami'a suka ƙone takardun bashin da ake bin su. A 1290 Sarki Edward na I ya kore su daga ƙasar gaba ɗaya.

Zuwa 1300 mutanen Ingila sun kai wajen miliyan biyar, ninki biyu ko fiye na zamanin William. Ƙasa ta yi kaɗan, hannu ya yi yawa, lebura yana yini a kan kwabo ɗaya ko ɗaya da rabi, kwabon azurfa wanda 12 ke yin sule, 240 ke yin fam. Wanda ya bar gonarsa, goma suna jira, shi ya sa ubangida bai damu da lallashin kowa ba. Daga 1315 zuwa 1317 ruwan sama ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, hatsi ya ruɓe a gona, farashin alkama ya ninka sau uku ko fiye, aka mutu da yunwa. A 1319 ciwon shanu ya biyo baya ya share garkuna.

Sai annoba. Ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Melcombe a yankin Dorset a bazarar 1348, cuta mai fito da kaluluwa a hammata da matsematsi, ta kashe cikin 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen 1349 ta gama da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin jama'ar ƙasar. Limamai, da yake su ke zuwa kan marasa lafiya, sun mutu da yawa. A watan Janairun 1349 Bishop na Bath da Wells, Ralph na Shrewsbury, ya rubuta wa mutanensa cewa wanda ajali ya zo masa babu limami ya furta zunubinsa ga ɗan'uwansa, in babu namiji ko ga mace. Ga wanda ya san yadda coci ke kishin wannan aiki, wasiƙar ta isa ta nuna girman bala'in. A Canterbury, Akbishop Thomas Bradwardine ya mutu a watan Agusta, makonni kaɗan bayan naɗa shi, wanda aka zaɓa kafin shi ma annobar ce ta ɗauke shi.

Da ƙura ta lafa, sai ga gonaki ba masu noma. Lebura ya fara faɗin kuɗinsa, in an ƙi ya wuce ƙauye na gaba inda wani ubangida zai karɓe shi hannu biyu ba tare da tambayar na wane ne ba. Masu mulki suka yi maza da doka. Umarnin Sarki Edward na III na 1349 da dokar majalisa ta 1351 sun ce duk mai lafiya da bai kai shekara 60 ba kuma ba shi da abin yi dole ya karɓi aiki a kan ladan da ake biya kafin annoba: mai girbi kwabo biyu zuwa uku a yini, babban kafinta uku, babban magini huɗu, kuma kowane gari ya kafa turu don masu ƙin bi. A 1363 har tufafi aka yi wa doka, aka ce makiyayi da mai garma kada su sa abin da ya wuce bargo da yadi mai arha. An ci dubban mutane tara, amma iyayengijin da suka yi dokar su ne ke karya ta a ɓoye, suna ƙara wa ma'aikata nama da giya da kuɗi, don alkama ba ta jiran majalisa. Annobar ta dawo a 1361 da bayan haka, jama'a ba ta farfaɗo ba, kuma kafin 1400 ladan lebura ya kusan ninkawa.

Yaƙi da Faransa ne ya kawo harajin kai. Na 1377 kwabo huɗu ne a kan duk wanda ya wuce shekara 14, kuma mutum kusan 1,355,000 suka biya. Na 1380 sule guda ne, ninki uku. Da aka zo karɓa, sai mutum kusan 450,000 suka ɓace daga rajista. Aka aiko masu bincike, a ƙarshen watan Mayun 1381 mutanen yankin Essex suka fatattake su a garin Brentwood, yankin Kent ya biyo baya ƙarƙashin Wat Tyler. Wani limami mai yawon wa'azi, John Ball, yana tambayar jama'a: lokacin da Adamu ke noma Hauwa'u na kaɗi, wane ne basarake? Da yawa daga cikin jagororin boren sarakunan gandu ne da masu rantsuwa a kotu, mutanen da suka san inda ake ajiye fatu, kuma a ƙauye bayan ƙauye abin da suka fara cinna wa wuta ke nan.

Suka shiga Landan ranar 13 ga Yuni, suka ƙone fadar Savoy ta John na Gaunt, baffan sarki. Washegari a Mile End, Sarki Richard na II, yaro ɗan shekara 14, ya amince da buƙatunsu: a soke ɗaurin gandu, haya ta zama kwabo huɗu a eka, kowa ya yi aiki inda ya ga dama. A ranar ne wasu suka fille kan Akbishop Simon Sudbury, wanda ya riƙe muƙamin babban wazirin sarki. Ranar 15 ga wata a Smithfield magajin garin Landan, William Walworth, ya sari Tyler a gaban sarki, taron ya watse. A farkon Yuli aka soke takardun 'yancin da aka rubuta musu, aka rataye John Ball a tsakiyar watan.

An murƙushe boren, amma ba a sake gwada irin wannan haraji ba a sauran wannan zamani, kuma ɗaurin gandu ya ci gaba da sassautawa ba tare da wata doka ta soke shi ba. Ubangida ya ga aikin tilas da ake yi da jan ƙafa bai kai kuɗin haya amfani ba, sai ya ba da gandun haya, ko ya mayar da shi makiyayar tumaki tunda ulu ke kawo kuɗi kuma makiyayi ɗaya ya isa. Talaka ya fara riƙe gona da kwafin abin da aka rubuta a kotun gandu, ana ambaton kuɗin da zai biya ba a ambaton asalinsa. Wasu suka sayi 'yancinsu, wasu suka gudu aka gaji da rubuta sunayensu. Zuwa 1500 'yan tsiraru ne suka rage, kuma a 1574 Sarauniya Elizabeth ta I ta naɗa wakilai su 'yanta waɗanda suka saura a wasu gandayen sarauta, kowanne bayan ya biya kuɗin fansa.